Zan tafi aikin Hajji da ƙarfen gyaran haƙori a bakina, ku ba ni shawara

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Allah Ya nufa bana ina cikin maniyyata, kuma an ce jirginmu zai iya tashi nan da mako uku. Abin da ya hana ni sukuni shi ne wata bakwai ke nan da aka sa min ƙarfen gyaran haƙori, sama da ƙasa. Tun ina yarinya haƙorana na gaba suka hau juna, abinci ya riƙa maƙalewa, dasashina yana jini, shi ya sa na daure na yi. Duk bayan mako biyar nake komawa a ɗaure min wayar. To yanzu ga tafiyar da za ta ci sama da wata guda. Ranar da aka ba ni ta komawa asibiti kuma ta faɗo kwana biyu kacal kafin ranar da ake sa ran tashinmu. In je ranar a ɗaure, ko in bari sai na dawo? Sannan me zan zuba a jaka? Don Allah duk wadda ta taɓa doguwar tafiya da wannan abin a baki ta taimaka min. A wajen bita an yi maganar masu hawan jini da masu ciwon sukari, amma ba wanda ya tuna da irinmu.

'Yar Gwammaja:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki Hajiya, Allah Ya sa a yi karɓaɓɓiya. Ni Umara na yi da shi, kwana goma sha huɗu. Abu na farko, kar ki kuskura a ɗaure miki waya ana jibi tafiya. Ni haka na yi, wai don kada in rasa ranata. Kin dai san yadda kwana ukun farko suke bayan ɗauri. Haka na hau jirgi haƙorana suna zugi, abincin da aka kawo ban iya tauna ko loma ɗaya ba, muka sauka na yi ɗawafi da sa'ayi cikina ba komai sai shayi da yogot. Na ji jiki sosai ranar. Ki kira su ki roƙa a dawo miki da ranar baya.

Hajiya Babba:
'Yata, ni fa da za ki ji tawa, da kin je sun cire miki shi gaba ɗaya, in kin dawo a mayar. Hajji ba wasa ba ne. Sau biyu na je, na san abin da nake faɗa. A Mina bayan gida ma sai kin yi layi, ina kika ga sararin tsayawa kina sakace waya da ɗan buroshi? Ki tafi da bakinki sakayau ki yi ibadarki hankali kwance.

Maman Biyu:
Wallahi Hajiya har na yi wannan tunanin. Maigidana ma haka ya ce. Sai dai kuɗin da na zuba ne ke tsaya min a rai.

Dakta Haƙori:
Hajiya Babba, Allah Ya ƙara girma, maganarki kan wahalar Mina gaskiya ce, amma a batun cirewa ina neman afuwa zan saɓa miki. Bari in faɗi dalili.

Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Akwai wasu siraran jijiyoyi da suka riƙe saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi. Idan waya ta matsa shi, ƙashin da ke gefen da ake tura shi yana narkewa a hankali, a bayansa kuma sabo yana tsirowa. Wata bakwai da farawa, aikin yana tsakiya ne, sabon ƙashin bai yi ƙwari ba, jijiyoyin nan kuma suna nan a miƙe suna son komawa inda suka saba. Aka cire ƙarfen yau ba tare da an sa abin da zai riƙe su ba, kafin ta dawo haƙoran sun fara komawa gidan jiya. Ga kuɗin cirewa, ga na sake mannawa, ga watannin da za a maimaita. Alhali in an bar shi a baki, ko ba a ɗaure ba, yana riƙe da abin da aka samu. Tsallake zuwa asibiti sau ɗaya ba ya ɓata aiki, iyaka dai ranar gamawa ta ɗan matsa gaba.

Maman Biyu, shirinki ba daga jaka zai fara ba, daga kujerar likitanki zai fara. Ki kira gobe da safe, kar ki jira. Ki nemi a gan ki saura kwana goma ko mako biyu a tashi. Amfanin haka biyu ne: zugin zai lafa kafin tafiya, kuma in wani abu zai ɓalle ko waya za ta zamo ta soke ki, sau da yawa a kwanakin farko bayan ɗauri yake faruwa, kina gida za ki iya komawa. Ki faɗa masa kwana nawa za ki yi. Likita in ya san ba zai gan ki ba sai bayan mako shida ko bakwai, ba zai fara wani sabon mataki mai buƙatar sa ido ba. Zai duba kowane ɗan ƙarfe da aka manna ya ga ya kama, ya datse ƙarshen wayar ko ya lanƙwasa shi don kada ya fito ya soki kumatu.

Kuma ku tuna jirgin alhazai ba kullum yake tashi ranar da aka faɗa ba. Ana iya ɗagawa, ana kuma iya kiran mutum kafin lokacin da ya zata. Shi ya sa ranar da ta rage kwana biyu ba abin dogaro ba ce ko kaɗan.

Hajiya Babba:
To Dakta, ku ne masana, na janye. Ni dai tausayinta nake ji. Allah Ya sauƙaƙa mata.

'Yar Gwammaja:
Batun jaka kuma, abin da ya fi komai yi min amfani shi ne kakin nan da suke bayarwa a ɗan akwati, wanda ake mannawa kan ƙarfen in yana gurzar leɓe. Ki karɓi uku ko huɗu, kar ki tsaya kan ɗaya, kuma ki rarraba su: ɗaya a jakar wuya, ɗaya a ta hannu, sauran a babbar jaka. Da zafin can leɓe yana bushewa, wurin da bai taɓa damunki a gida ba sai ki ji ya fara gurzarki. Amma kaki ba ya kamawa a jiƙaƙƙen wuri. Ki tsane wajen da tishu tukuna, ki mulmula shi kamar ƙwayar wake, ki danna. In kin haɗiye shi bisa kuskure ba ya komai.

Sai ƙaramin madubi, da 'yan buroshin nan masu kama da bishiya na shiga ƙarƙashin waya, da buroshi biyu saboda ƙarfe yana saurin cinye bakin buroshi. Sai gishiri a ƙulle, don kuskure baki da ruwan ɗumi in an samu gyambo. Ni har abin yanke farce na ware sabo, da shi na datse waya a Madina da ta addabe ni.

Dakta Haƙori:
Na yarda da duk abin da kika lissafa ƙanwata, amma abin yanke farcen nan a bar shi ya zama dabara ta ƙarshe. Na ga waɗanda suka datse waya a wurin da bai kamata ba, suka kwance aikin wata biyu, na kuma ga wanda guntun wayar ya kusa wuce masa maƙogwaro. In waya ta soke ki, ki fara da kaki. In siririya ce, ki gwada tura ta ta kwanta jikin haƙori da robar gogewa ta bayan fensir ko da auduga mai tsinke. In duk sun ƙi, kuma ba likita kusa, to sai a datse: a wanke abin da kyau, wata ta haska miki da fitilar waya, a tare wajen da tishu ko a riƙe guntun da za a yanke don kada ya faɗa ciki. Kuma abin da ya yi saura a bayan haƙorin ƙarshe kaɗai za a taɓa, ba tsakiya ba.

In ɗan ƙarfe ɗaya ya saki haƙori yana yawo a kan waya, ba abin tashin hankali ba ne. Ki bar shi a wurin ki rufe da kaki. In ya fito gaba ɗaya ki adana shi ki dawo da shi. Abin da zai sa ki nemi likita a can ba tare da jinkiri ba shi ne kumburin fuska, zazzaɓi tare da ciwon haƙori, ko bugu da ya girgiza haƙori.

'Yar Gwammaja:
Haka ne Dakta, nawa ma can ƙarshen ne, kuma 'yar ɗakinmu ce ta riƙe min. Amma gaskiya kwana biyu na yi ina fama da kaki yana faɗuwa kafin na yanke shawarar.

Ɗalibin Alƙahira:
Salam. Ni ba ƙarfe ne da ni ba, robar nan ce mai kama da gilashi da ake sawa ana cirewa, irin Invisalign. Na san ba ita Anti ta tambaya ba, amma na ga akwai masu karantawa da ita suke amfani, kuma shekara biyu ke nan ina zirga-zirga da ita tsakanin Masar da gida.

Mutane suna ganin mu ne muka huta, amma a tafiya mu muka fi shiga haɗari, domin abin da ake cirewa shi ne yake ɓata. Ana so ta zauna a baki awa 20 zuwa 22 a rana, ba a cin komai da ita, ba a shan komai sai ruwa. A jirgi na taɓa cire ta na naɗe a tishu na ajiye kan farantin abinci, aka zo aka kwashe da ita. Tun daga ranar ban sake cire ta ba sai akwatinta yana hannuna. Abin da ya cece ni shi ne ina ɗauke da ta makon da ya wuce, na koma kanta har na yi magana da likitana ya ce in wuce ta gaba. Don haka mai irin tawa ya tafi da wadda ya gama da ita, da wadda yake kai, da duk waɗanda zai canza a kwanakin tafiyar, da ƙarin ɗaya ko biyu saboda jinkirin dawowa. Duka a jakar hannu. Babbar jaka tana iya bin wani jirgin.

Sai zafi. Roba ce da aka gasa ta ɗauki siffar haƙori, zafi kuma yana iya sauya mata siffa. Kada a bar ta cikin mota a rana, kada a wanke ta da ruwan zafi. A ƙasashen nan lokacin bazara ruwan famfo da rana da zafinsa yake fitowa saboda tankin yana saman gini, sai a taɓa da hannu tukuna. Masu zuwa Hajji su kula sosai, don a Hajjin 2024 zafin Makka ya haura digiri 50.

Ummu Sadiya:
Ɗalibi ka taimake ni wallahi, irin taka ce da 'yata kuma Umarar azumi muke shirin zuwa. Zamzam fa, sai ta cire kafin ta sha?

Ɗalibin Alƙahira:
A'a Umma, Zamzam ruwa ne, ta sha abinta da ita a baki. Lemo da shayi da madara ne matsala, don suna shiga ƙarƙashin robar su kwanta a jikin haƙori, yawu kuma ba ya isa wurin ya wanke. Azumi ma sauƙi ne gare mu, tunda yini guda ba a cire ta. Inda ake asarar awanni shi ne tsakanin buɗa baki da sahur, a yi ta ciye-ciye robar tana cikin akwati har asuba. Ta ci abin da za ta ci a zama biyu, ta goge baki ta mayar.

Abu Hafsa:
Ni tambayata daban ce, kuma ba don in ɓata wa kowa rai ba. Shin wannan gyaran haƙorin ma ya halatta? Na san akwai hadisin da ya la'anci masu tsaga tsakanin haƙora don ado, masu canza halittar Allah. Mutum zai je Ɗakin Allah, ya kamata ya tabbatar.

Maman Biyu:
Malam, na tambaya kafin a sa min, kuma na faɗa a sama cewa ba don ado na yi ba. Amma bari masu ilimi su amsa.

Malamin Islamiyya:
Tambayar tana kan hanya, kuma hadisin ingantacce ne. Sai dai lafazinsa ya ƙayyade da masu yin hakan don neman kyau. A nan ne malamai suka rarrabe tsakanin ƙarin ado a kan halittar da take lafiya lau, da kuma gusar da aibi ko cuta. Suna kafa hujja da hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke masa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinare. Wadda haƙoranta suka hau juna har dasashi yana jini, magani take yi.

Tun da an zo nan, bari in ƙara abin da na san zai zo wa wasu a rai. Ƙarfen nan ba ya hana alwala ko wanka. A mazhabar Malikiyya da muke kai, kuskurar baki sunna ce a alwala da wanka, haka ma a wajen Shafi'iyya. Hanabila ne suke wajabta ta a duka biyun, Hanafiyya kuma a wanka. Ko a wajen masu wajabtawar, abin da ake nema ruwa ya zagaya cikin baki, kuma yana zagayawa. Haka nan ba ya cikin abubuwan da harami yake hanawa. Man goge baki kuma, malamai da yawa ba sa ɗaukarsa a matsayin turare, amma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya nemi marar ƙamshi sosai na kwanakin haramin. Allah ne Mafi sani.

Abu Hafsa:
Na gamsu Malam, Allah Ya saka da alheri. Maman Biyu ki yafe ni in maganata ta sosa miki rai.

Maman Biyu:
Ba komai wallahi, ni ma na ƙaru.

Dakta Haƙori:
Malam ya taɓo inda nake so in tsaya. Don Allah kada wani ya ce saboda yana cikin harami zai ajiye buroshi ya koma aswaki kaɗai na kwana biyar. Aswaki sunna ne kuma yana da amfani, a yi shi a hankali a jikin haƙori da bakin dasashi. Amma ba ya shiga ƙarƙashin waya, kuma in aka danna shi da ƙarfi ko aka cije shi yana iya ɓalle ƙarfen.

Ni abin da na fi jin tsoro ga mai wannan tafiya ba waya mai suka ba ce, don ita ana jinta nan take a nemi mafita. Wanda ba a ji shi ne ya fi ɓarna. A can ana raba lemo da biskit da dabino sadaka ko'ina, ga shayi mai sukari, ga zafi da ke busar da baki. Yawu shi ne yake wanke tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa in sun samu sukari. In baki ya bushe, sukari yana shiga kowace awa, datti kuma ya taru kewaye da ƙarfen, fatar haƙori tana fara zubar da sinadarinta. Sai ranar da aka cire ƙarfen a ga fararen tabo sun zagaye inda yake, kuma irin wannan tabon yana da wuyar gogewa. Makonni kaɗan na sakaci sun isa su fara shi.

To abin yi ba mai wahala ba ne. Ki yi ta kurɓar ruwa. Abin zaƙi ki haɗa shi da lokacin cin abinci maimakon ki yi ta tsakura yini guda. Duk abin da kika ci, in ba halin goge baki, ki kuskure da ruwa sosai. Man goge bakin ya zama mai sinadarin fuloraid, kuma in kin goge da dare ki tofar kawai, kar ki bi da ruwa.

Hajiya Babba:
To bari in ba ta abin da na sani, tunda Dakta ta gama nata. 'Yata, ranar 8 ga wata za ku fita Mina da ƙaramar jaka kawai, babbar tana masauki a Makka. Ranar 9 kuna Arfa, daren ku kwana Muzdalifa a fili, sannan ku dawo Mina kwanakin jifa. Duk abin da kika manta a babbar jaka, kin rabu da shi sai bayan kwana biyar. Don haka kayan bakin nan naki ki yi musu 'yar jakarsu tun daga gida, mai zif, wadda za ta shige jakar wuya. Kar ki dogara da famfo. Ki riƙe gorar ruwa, ki koma gefe ki goge bakinki. A Mina kuma in kina son wurin wanka ba cunkoso, ki tashi cikin dare kafin mutane su farka.

Sannan ki ji wannan da kyau: kar ki shiga turmutsutsun Hajarul Aswad. Mai lafiyayyen baki ma gwiwar hannu tana samunsa a can, balle ke da ƙarfe a bayan leɓe. Ki yi nuni daga nesa, ya isar miki. In ƙasa ta cika, ki hau sama ki yi ɗawafinki, ya fi tsawo amma ya fi sarari.

Dakta Haƙori:
Wannan shawarar ta Hajarul Aswad ta fi duk abin da na rubuta. Bugu ɗaya a baki yana iya tsaga leɓe daga ciki ya kuma ɓalle ƙarfe biyu ko uku. Na gode Hajiya.

Ɗan Maraɗi:
Ba wanda ya yi zancen guzuri. Mu nan in mutum zai tafi, kilishi ne da ƙuli-ƙuli da aya da soyayyar gyaɗa ake cika masa jaka da su. Matata da ƙarfen ta je bara, ƙuli-ƙuli ɗaya ya ɓalle mata ƙarfen haƙorin turmi a mako na biyu. Ki daka ƙulin ya zama gari ki riƙa barbaɗawa. Kilishi ki bar wa abokan tafiya, ki riƙe dambun nama, shi ma yana maƙalewa amma ba ya karya komai. Garin kunu da garin rogo su ne abokan tafiyarki. Dabino kuma ki cire ƙwallon da hannu kafin ki kai baki, ki nemi mai laushi irin Ajwa ko Sukkari, busasshen nan mai tauri ki jiƙa shi. Tuffa ana raba ta da yawa, a yanka ƙanana, kar a gatsa da haƙoran gaba.

Goro ba sai na faɗa ba, ƙarfe ba ya son sa, kuma dama hukumomi suna gargaɗin kada a shiga da shi Saudiyya.

'Yar Gwammaja:
Ƙashin kaza ma! Shinkafa da kaza za ki ci har ki gaji. Ki zare naman da hannu.

Maman Biyu:
Kun gama min komai wallahi. Saura tambaya biyu. Na'urar bincike a filin jirgi ba za ta yi ƙara ba? Sannan ana sa min 'yan kyauro tsakanin sama da ƙasa, in ci gaba da su a can?

Ɗalibin Alƙahira:
Ƙarfen ya yi ƙanƙanta, galibi ba ya tayar da na'urar, ƙanena da shi yake tafiya. Abin da za su iya karɓewa shi ne ruwan kuskure baki ko man goge baki in mazubinsa ya wuce mililita 100 a jakar hannu. Ki sa ƙarami a hannu, babban a cikin kaya.

Dakta Haƙori:
Kyauro ki ci gaba da su yadda aka tsara miki, sai in likitanki ya ce a dakata. Ki karɓi ninkin abin da kike zaton za ki buƙata, don suna tsinkewa suna ɓata, kuma girmansu da ƙarfinsu kala-kala ne, ba kowanne za ki saya ki sa ba. Ki ɗauki hoton yadda ake maƙala su da hoton ledarsu. Ki roƙi likitan ya rubuta miki 'yar takarda da Turanci: irin ƙarfen da aka sa, faɗin ramin da waya ke bi, ko 0.022 ne ko 0.018, da kaurin wayar da ke bakinki yanzu. In ta kama ki ga wani likita a can, wannan takardar za ta sauƙaƙa masa. Ki karɓi lambar likitanki ta WhatsApp, ki kuma sa a ba ki ranar komawa asibiti tun yanzu, kamar mako guda bayan ranar da kuke sa ran sauka. Maganin ciwo kuma farasitamol ya wadatar, a bar shi cikin kwalinsa.

Hajiya Babba:
Af, na tuna. Haƙorin Makka fa? Kar dai a ce 'yata ta dawo ba shaida.

Dakta Haƙori:
Hajiya, wannan karon sai dai a yi haƙuri. Haƙorin Makka hula ce ake kifawa a kan haƙori, ga shi kuma nata akwai ƙarfe manne a gaban kowanne, kuma suna cikin tafiya ba su zauna ba. Wanda zai sa mata sai ya ɓalle ƙarfen wannan haƙorin, wani ma har ya ɗan goge shi, kuma abin da aka goge ba ya dawowa. Maman Biyu, ko ƙawaye sun ja ki zuwa shagon, ki raka su kawai.

Maman Biyu:
Hajiya shaidata tana wajen Allah in Ya karɓa. Zan dai kawo miki dabino da Zamzam.

Hajiya Babba:
Allah Ya yi miki albarka. Ki sa ni a addu'a ranar Arfa, ni da jikokina.

Maman Biyu:
'Yan uwa na dawo da labari. Na kira asibitin, sun gan ni yau, saura kwana goma sha biyu a yadda aka ce. Da na gaya wa likitan tsawon tafiyar sai ya ce dama yau ya yi niyyar canza min waya zuwa mai kauri, amma ya fasa, ya bar wadda ke ciki ya sabunta 'yan robobin da ke riƙe ta kawai. Ya samu ƙarfe ɗaya na ƙasa ya fara saki ban ma sani ba, ya sake manna shi. Ya lanƙwasa ƙarshen wayar, ya ba ni kaki huɗu da ledar kyauro uku, ya rubuta takardar. Na daka ƙulina, na ɗinka 'yar jakar da Hajiya Babba ta ce.

Ummu Sadiya:
Alhamdulillah. Mu ma na sa 'yata ta kira nata likitan a ba ta robobin wata biyu gaba ɗaya.

Maman Biyu:
Assalamu alaikum daga Madina. An kira mu kwana huɗu kafin ranar da aka faɗa, da na jira tsohuwar ranata da ban ga likita ba sam. Lafiya lau muke. Sai dai tun jiya leɓena na ƙasa ya yi ɗan gyambo ta ciki, daidai ƙarfen fiƙa. Na sa kaki, ina kuskurewa da gishiri. Dakta akwai abin da zan ƙara? Jibi za mu ɗauki harami mu wuce Makka.

Dakta Haƙori:
Wa alaikumus salam Hajiya, barka da sauka. Abin da kike yi daidai ne. Gishirin rabin ƙaramin cokali a kofin ruwan ɗumi, sau uku ko huɗu a rana. Ki sabunta kakin bayan kowane cin abinci da kuma kafin barci, ki rage yaji da lemon tsami kwana biyu, ki ƙara shan ruwa, ki riƙa shafa man leɓe marar ƙamshi. Irin wannan yakan warke cikin mako guda zuwa kwana goma. Hanyar Makka doguwa ce a mota, sama da kilomita 400, ki sa kakin da gorar ruwa a jakar da ke jikinki, ba wadda za a loda a ƙasan mota ba. In kun isa ki turo min hoton wurin ta akwatin saƙo in gani.